Ciwon Hawa da Sauka: Wa Za Ka Gaya Wa, Me Za Ka Ce?

Ranar da aka sallamo ni daga asibiti, Hajiyarmu ta tara 'yan gida bayan sallar isha'i, ta ce duk wanda ya tambaya a ce masa taifot ne ya hau min kai. Ban taɓa ganin laifinta ba. A lokacin ƙannena mata uku ba wadda ta yi aure, kuma ta san bakin unguwarmu fiye da yadda na sani. Shekara huɗu muka yi muna riƙe da wannan taifot ɗin. A cikin shekarun nan ciwon ya dawo min sau biyu, kuma kowane karo akwai waɗanda suka ga tasowarsa tun yana ƙarami: maƙwabcina a kasuwa ya gani, ƙanin mahaifina ya gani. Ba wanda ya san abin da yake kallo, domin mun ce musu taifot ne, taifot kuwa kowa ya san ana warkewa.

Likitoci suna kiran ciwon baifola. Ni a Hausance ina ce masa ciwon hawa da sauka, domin haka yake tafiya da mai shi. Ina da shekara 24 ya fara kama ni, ina tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari. Barci ne ya fara ɗaukewa. Sai in kwanta ƙarfe biyun dare in tashi ƙarfe huɗu, jikina garau kamar wanda ya yi sati yana hutawa. Magana ta riƙa zubo min, tunani yana korar tunani, kafin in gama jimla ɗaya wata ta tsaya tana jira. Na ɗauki kaya bashi a wurin dillalai biyar ba da sanin maigidana ba. Na yi wa mutum bakwai alkawarin kujerar Makka, ni da ko babur ban mallaka ba. Na yi imani har cikin raina cewa an buɗe min wani sirrin kasuwanci da aka ɓoye wa kowa, duk wanda ya ce in sassauta kuwa na sa shi a layin mahassada. Kusan sati uku na yi a haka. Bayan an kwantar da ni an sallame ni, sai ɗaya fuskar ta zo. Wata biyar ina ɗaki. Wanka sai an yi da gaske, abinci ba ɗanɗano, sallar da na taso ina yi ba tare da an tuna min ba ta zama dutse a kaina, kuma ba ranar da ban yi tunanin mutuwa ta fi min sauƙi ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne abin da mutane suka riƙa faɗa a lokacin. Da nake sama, wasu sun ce na fara shaye-shaye, wasu sun ce an yi min jifa a kasuwa, wasu sun ce aljana ce ta aure ni, wasu kuma sun ce kuɗi na gani idona ya buɗe. Da na sauko, sai aka koma cewa lalaci ne, ko raunin imani, ko kunyar bashin da na ci. Kowace fassara a cikin waɗannan tana tafe da maganinta a hannu. Wanda ya ce shaye-shaye ne, gidan mari zai nuna. Wanda ya ce jifa ne zai nemo mai karya sammu. Wanda ya ce lalaci ne, gori da faɗa zai kawo, ya kuma ɗauka taimako yake yi. Mutane ba sa zama ba fassara. In ba ka ba su ta gaskiya ba za su ƙera tasu, kuma fassarar da ta yi rinjaye a tsakar gida ita ce za ta yanke inda za a kai ka ranar da ba ka da bakin kare kanka. Shi ya sa nake ganin yi wa mutane bayanin wannan ciwo wani sashe ne na maganinsa, kamar ƙwayar da nake haɗiya kowane dare.

Wahalar farko ta kalma ce. Da ka ce wa Bahaushe taɓin hankali, hoton da zai zo masa shi ne mutum a bakin bola da tsumma, gashi a dunƙule, yara na binsa da jifa. A kanmu gida biyu ne kawai: mai hankali da mahaukaci, kuma wanda ya shiga na biyun ba ya fitowa. Har sunan asibiti ya zama zagi. A Kano in mutum ya yi abin da bai gamshe ka ba sai ka ce a kai shi Dawanau. Mai baifola bai dace da ko ɗaya daga gidajen nan ba. Tsakanin tashi da tashi yana iya yin watanni, ko shekaru, lafiyarsa lau, yana ciniki, yana koyarwa, yana limanci, yana riƙe da iyali. Wannan tafiya da dawowar ita ce ma ta sa likitoci suka gane ciwo ne mai zaman kansa. Wani likita a Faransa, Jean-Pierre Falret, tun a 1854 ya kira shi hauka mai zagayowa. A 1899 Emil Kraepelin na Jamus ya raba shi da wani ciwon ƙwaƙwalwa da yau ake kira sikizofireniya, babbar hujjarsa kuwa ita ce ciwon hawa da sauka yana lafawa mutum ya koma yadda yake. Sunan baifola, wato mai ƙarshe biyu, a 1980 ya samu gindin zama a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a 2019. Yawanci yana fara bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da wani abu, daidai lokacin da ake cewa yaro ya fara bin abokan banza.

Ba na karanto wa kowa waɗannan sunaye da shekaru. Na koya a wahalce cewa bayani mai amfani shi ne wanda ka gina da kayan da ke ɗakin mai saurare. Hajiya tana fama da hawan jini shekara da shekaru, don haka ta nan na shiga. Na ce, "Hajiya, in jininku ya hau, laifinku ne?" Ta ce a'a. Na ce, "In kun sha magani ya sauka, kun warke ke nan, sai a daina?" Ta yi shiru, domin ta taɓa dainawa ta ga abin da ya biyo baya. Na ce, "To nawa ma haka yake. Naku a jini yake hawa, nawa a yanayin rai yake hawa, kuma nawa yana sauka ƙasa da inda ya kamata. Maganin riƙe shi yake yi a tsakiya." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko wani abu ta ci lokacin da take da cikina. A nan na gane abin da ya sa ta riƙe taifot shekara huɗu. Ban da tsoron bakin duniya, tana tsoron a ce ita ta jawo. Iyaye da yawa haka suke, kuma duk bayanin da bai sauke musu wannan kaya ba, ba zai shiga ba.

Kawu kuwa mai gyaran lantarki ne, sai na bi ta sana'arsa. Na ce ya san yadda wuta kan zo da ƙarfi ta ƙone fanka da talabijin, wata rana kuma ta zo rabi, ƙwai ya yi ja ko fuskar mutum ba ka gani. Gida ɗaya ne, waya ɗaya ce, kayan ba su da laifi. Ya ce, "Ai sai sitabilaiza." Na ce masa sunan da likitoci suka ba rukunin maganin da nake sha ke nan, mai daidaita yanayi. Tun daga ranar bai sake ce min in yi ta maza in watsar da ƙwayoyin Bature ba. Misalin yana da iyaka, na sani, domin mutum ba fanka ba ne, kuma magani kaɗai ba ya riƙe shi in barci ya lalace ko rayuwa ta yi tsanani. Amma ya buɗe ƙofa, ragowar bayanin ya shiga a hankali.

Wurin da ya fi kowanne santsi shi ne maganar aljanu. Wasu masu wayar da kai sukan fara da yi wa mutane dariya a kan iskoki da sammu, daga nan kuma sun rasa mai saurare, sun kuma rasa mara lafiyar da suke son ceta, domin a hannun waɗannan mutanen yake kwana. Ni ban taɓa jayayya da kowa a kan samuwar aljanu ba, Musulmi ne ni. Abin da na ce wa malamin da ya yi min ruƙiyya a farko shi ne, "Allah gafarta Malam, ku ne kuka karantar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. An samu maganin da in na sha ina barci, ina sallah a kan lokaci, ina gane iyayena. A ci gaba da addu'a, ni ma ina so, amma kada a ce in ajiye shi." Ya amince, ya kuma zama cikin masu tambayata ko na je ganin likita. Ba kowane mai ruƙiyya ne haka ba. Akwai wanda sharaɗinsa na farko shi ne a zubar da maganin asibiti, akwai mai duka da sunan dukan aljani, alhali fatar da ke fashewa ta ɗan mutane ce. Iyakata a nan take kuma ba na sassautawa: duk maganin da ya zo da bulala, ko mari, ko hana abinci, ko hana ƙwayar likita, zalunci ne ko da ayar Alƙur'ani aka buɗe shi.

Ba tsoron banza nake ji ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. An kai wasu don shaye-shaye, wasu don ƙiriniya, kuma a irin gidajen nan ne masu larurar ƙwaƙwalwa da yawa suke ƙarewa. A ƙarshen wannan shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake ɗaure masu wannan larura da sarƙa a sassan Najeriya, a wuraren addini na Musulmi da na Kirista, da na masu maganin gargajiya, har da wasu na gwamnati. Mafi yawan iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne. Fassarar da suka samu ce ta kai su. Dokar da ƙasar nan ta yi ta aiki da ita a kan wannan fanni ta 1958 ce, wadda ta gaji ta Turawan mulki ta 1916, kuma tsare mahaukaci ne damuwarta fiye da yi masa magani. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta amince cewa mai wannan larura yana da haƙƙi kamar kowa. Doka ta canza a Abuja, amma a tsakar gida ake yanke shawarar inda za a kai mara lafiya, kuma likitocin ƙwaƙwalwa da ke ƙasar ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau, akwai sassa a asibitocin koyarwa, sai dai kafin mutum ya isa can dole wani a gida ya gane cewa can ɗin ne wurin zuwa.

Duk da haka, ba na cikin masu cewa a fito a gaya wa duniya. Ina girmama waɗanda suka yi. Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta She Writes Woman a 2016, ta faɗi nata ciwon a fili, ta tsaya gaban 'yan majalisar tarayya a 2020 tana magana a kan ƙudurin dokar nan, kuma irinmu mun ci moriyar ƙarfin halinta. Amma abin da ta yi sadaka ce, ba farilla ba. Mai sayar da atamfa da ke rayuwa a kan amanar dillalai, ko malamar makarantar kuɗi da za a iya sallama ba tare da an ba ta dalili ba, ko budurwar da ke gidan kishiyoyin uwa, kowannensu ya san abin da zai rasa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar 30 ga Maris ta kowace shekara, wadda aka ware wa wannan ciwo a duniya, nakan ga matasa a Facebook suna matsa wa juna cewa wanda ya ɓoye yana ƙara wa ƙyama ƙarfi. Ban yarda a ɗora wa mara lafiya nauyin gyara al'umma da mutuncinsa ba. Ma'aunina shi ne: wa zai kasance kusa da ni ranar da abin zai taso, wa kuma abin zai shafa in ya taso? Waɗannan suna da haƙƙin sani, ni ma ina da buƙatar su sani. A wurina mutum biyar ne. Sauran jama'a gaisuwa ce tsakaninmu.

Aure ne wurin da ba na yarda da ɓoyo ko kaɗan, kuma a nan ne muka fi yin ɓoyon. An sha ɗaura wa mutum aure da cewa in ya yi aure zai natsu, ko a aurar da yarinya a tura ta da maganinta a ƙasan akwati, a ce kada ta bari miji ya gani. Sai ta daina sha don kada a gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malaman Malikiyya sun lissafa taɓin hankali cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure in an ɓoye musu, don haka ko ta fuskar shari'a ɓoyon gini ne a kan yashi. Ga mace kuma akwai abin da ya fi mutuwar aure haɗari. Kwanakin da ke bin haihuwa suna cikin lokutan da ciwon ya fi tasowa da ƙarfi, ga rashin barci, ga jego, har ta kai wata ba ta gane jaririnta. Ɗaya daga magungunan da aka fi bayarwa, balfurowet, yana iya nakasa ɗan da ke ciki, shi ya sa dole likita ya san da maganar ciki tun kafin a ɗauka. Mijin da bai san komai ba, ta yaya zai kai ta a sauya magani? Uwar mijin da ba a gaya wa ba, me za ta ce in ta ga maijego ta kwana uku tana surutai, ban da a kira mai hayaƙi?

Na san kuɗin wannan gaskiyar domin na biya. Neman aurena na farko a kanta ya mutu. Na gaya wa yarinyar, ta gaya wa iyayenta, aka dawo min da kayana cikin mutunci. Na yi wata biyu ina jin ɗacin abin, amma ban ce sun zalunce ni ba. A na biyun ban aika kowa ba, ni na je wurin mahaifinta da kaina, na zauna a ƙasa na ce, "Baba, akwai abin da nake so ku ji daga bakina kafin ku ji a wani wuri." Na faɗi sunan ciwon, na faɗi abin da na aikata lokacin da ya taso ba tare da na rage ba, na faɗi shekarun da na yi ina shan magani, na ce in suna so a haɗa su da likitana. Tambayarsa ɗaya ce: ana gadonsa? Na ce masa yana bin jini, haɗarin ya fi yawa a gidan da akwai mai shi, amma mafi yawan 'ya'yan da mahaifi ɗaya ke da ciwon ba sa kamuwa, kamar dai yadda ciwon sukari ke bin gida ba tare da ya kama kowa ba. Ya ce in ba shi sati biyu. Ya aiko ɗansa babba muka je asibiti tare. Yau 'ya'yanmu biyu.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne tsayawa a sunan ciwo da tarihinsa. Mutum zai saurara, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi bai san abin da zai yi da labarin ba. Yanzu ba na gama bayani sai na ba mai saurare aiki, kuma ina yin haka ne lokacin da nake lafiya, domin in na hau ba na jin maganar kowa, ni a ganina a lokacin ban taɓa lafiya irin ta ranar ba. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar fahimta ga na waje: hawan yana da daɗi a farkonsa, mai shi ba zai kawo kansa asibiti ba. Don haka na ce wa maiɗakina, in ta ga na yi dare biyu a jere ban yi barcin kirki ba kuma ban gaji ba, in na fara lissafin miliyoyi da tsakar dare, in maganata ta fi ƙarfin a katse, kada ta tsaya gardama da ni a kan ko ina lafiya. Ta karɓi katin banki da makullin mota, ta kira yayana, a tafi wurin likita. Na rubuta wannan da hannuna na sa hannu, takardar tana wurinta, don ranar da zan ce ban taɓa faɗa ba. Na ce mata in na sauka kuma, kada ta ce in duba ni'imomin da Allah ya yi min, ina ganinsu, rashin jin daɗinsu shi ne ciwon. Ta zauna kusa, ta sa ni in ci ko loma uku ne, ta fito da ni rana. Kuma ta tambaye ni kai tsaye ko ina tunanin kashe kaina. Tambayar ba ta shuka tunanin a zuciyar da ba shi, wanda ke da shi kuwa sauƙi yake ji an ba shi ƙofar faɗa. Masu wannan ciwo suna cikin waɗanda suka fi kowa shiga wannan haɗari, ga shi sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya mayar da yunƙurin kashe kai laifin da ake ɗaure mutum a kansa, abin da ke ƙara sa iyali rufe baki a lokacin da ya kamata su yi gudu zuwa asibiti.

Akwai ƙananan abubuwa da su ma sai an faɗa. Litiyam nake sha, gishirin da wani likita a Ostireliya, John Cade, ya gano amfaninsa ga wannan ciwo a 1949, kuma har yau yana cikin mafi inganci, har da rage haɗarin kashe kai. Amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, sai ana auna jini lokaci-lokaci, ana duba ƙoda da maƙoshi. In jiki ya bushe da zafin bazara ko gudawa, yana taruwa a jini. Magungunan ciwon jiki da kowa ke saya a kemis ba takarda, irin su dikulofenak da ibufurofen, su ma suna sa ya taru. Maiɗakina ta san wannan, don haka ba ta karɓar min maganin ciwon baya daga hannun maƙwabta. Ta kuma san cewa maganin ciwon damuwa shi kaɗai, in an ba mai baifola ba tare da mai daidaitawa ba, yana iya cilla shi sama, shi ya sa duk likitan da zan gani sai an gaya masa tarihin hawan, ba saukar kaɗai ba. Azumi ma sai da muka zauna da likita da malami. Ƙishirwa da sauyin lokacin barci, ga tahajjud a goman ƙarshe, duk suna iya taɓa ni. Akwai shekarar da na yi azumina cif, akwai wadda aka ce in sha in rama, kuma Alƙur'ani ya ba mara lafiya wannan rangwame. Da surukaina ba su san komai ba, da ganina da kofin ruwa da rana a watan Ramadan ya isa ya zama wata fitinar.

Bayani yana da nasa haɗarin ta fuska biyu, kuma na faɗa cikin duka biyun. Na farko shi ne mai ciwon ya mayar da shi garkuwa. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, na kuma yi imani Allah ba zai kama ni da abin da na faɗa a wancan sati ukun ba. Amma dillalan nan biyar dukiyarsu ce ta tafi, maigidana sunansa ne ya taɓu. Shekara uku na yi ina biya, na bi waɗanda na zaga ɗaya bayan ɗaya na nemi afuwa. Ciwon ya bayyana dalilin abin da ya faru, bai goge asarar da wasu suka yi ba, kuma mutane sun fi saurin karɓar bayanin wanda suka ga yana gyara ɓarnarsa. Na biyun yana wurin masu sauraro. Da zarar sun sani, sai komai naka ya zama alama. Ka yi fushi don an taka ka, a ce ka sha maganinka kuwa? Ka yi murna don ciniki ya yi kyau, a fara kallon juna. Wannan tambayar, in an yi ta a tsakiyar saɓani don a rufe maka baki, ta fi zagi ciwo, domin tana ƙwace maka ikon yin fushi irin na kowa. Na roƙi mutanena biyar su riƙa duba barcina da tsawon kwanakin da canjin ya ɗauka, su bar auna ni da fushin yini ɗaya. Likitoci ma ba sa kiran abu hawa sai ya yi kwanaki a jere, ba sa kiran sauka sai ta kai sati biyu.

Maƙwabcina na kasuwa, wanda muka yi wa ƙaryar taifot, shi ne na ƙarshe da na gaya wa. Ya ji haushi da farko, ya ce shekara nawa muna cin abinci a kwano ɗaya. Bara, ana saura kwana goma sallah ƙarama, kasuwa ta cika, ina ta ciniki ina jin kaina kamar sabon inji, sai ya jawo ni bayan shago ya ce, "Malam, jiya ƙarfe uku na dare ka turo min saƙo a kan buɗe reshe a Agadas, shekaranjiya ma haka. Yaushe rabonka da barci?" Na ce masa lafiyata ƙalau, har na fara ɗaga murya. Bai biye min ba. Ya kira maiɗakina a gabana, ta zo da takardar nan, yayana ya zo da mota. Likita ya ƙara min wani magani na kwana goma, ya ce a bar ni in yi barci. Maƙwabcin nan shi ya tsare min shago har aka sauko daga idi, ya kawo min lissafin a rubuce, ko naira ba ta ɓata ba.